Kunun Accar Adda Fanta

“Tsaya nan, kada ki wuce. Juyo in gan ki.”

Ko sallamar Bashira Adda Fanta ba ta amsa ba. Tana zaune a gindin dalbejiyar tsakar gida ta miƙe ƙafafu tana tsintar wake, ta bi matar ƙanin nata da ido tun daga sama har ƙasa, irin kallon da ake yi wa akuyar da ake shakkar lafiyarta a kasuwa. Bashira ta tsaya da jakar ofis a kafaɗa, gumi yana bin wuyanta.

“Innalillahi! Ji zani yana neman suɓucewa. Ji wuya. Ke Bashira, me muka yi miki a gidan nan da kike neman tozarta mu?”

“Adda, ni kuwa me na yi?”

“Au, tambaya ma kike yi? Yau a gidan suna a unguwar Malam Inna wata ta ja ni gefe, wai lafiyar matar Mudathir kuwa? Wai ko mun kai ki an gwada jininki? Kin dai san abin da take nufi.”

Bashira ta sani sarai. A unguwar Hammadu Kafi, in matar aure ta rame, fassara biyu kawai mutane suke da ita: ko miji yana horar da ita da yunwa, ko kuma ciwon nan ne da ba a son faɗin sunansa. Ba mai kawo ta uku. Wai mace ta rage jiki da kanta, da gangan, don lafiyarta? Ai ko a mafarki.

Alhali kuwa abin da ya faru ke nan. Kamfanin man gyaɗar da Bashira take aikin kwamfuta a cikinsa ya ɗauki wata nas, Sista Selina, don shirin kula da lafiyar ma’aikata. Ita kuma Selina ba ta tara mutane ta zuba musu wa’azi ba. Ɗaya bayan ɗaya ta riƙa kiran su tana tambayar kowa abin da yake so wa jikinsa. Wani direba ya ce taba yake son bari. Mai gadi ya ce shi dai bayansa ya daina ciwo. Da aka zo kan Bashira sai hawaye ya cika mata ido, don tun da aka ce tana da ciwon suga ba wanda ya taɓa tambayar ta me take so. Ta ce likita ya gaya mata sugan ya fara taɓa mata ido. Ta ce, “Sista, ni idona nake so. Shi kaɗai.”

A kan haka suka tsara komai. Ta bar lemon kwalba da shayi mai suga, ta rage tuwo ta ƙara ganye, ran Asabar da safe kuma takan bi matan ofis su zaga filin wasa na Pantami, tana cikin dogon hijabinta har ƙasa. Jiki ya yi mata sakayau. Awon suga ya sauko. Selina har rungume ta ta yi ranar da ta ga awon.

“Adda, na fa yi muku bayani,” in ji Bashira. “Likita ne ya ce…”

“Likita ne ya aure ki? Wuce ki ba ni wuri.”

Da Mudathir ya dawo bayan magariba, fuskar nan a murtuke. Ɗiyarsu Khadijatu, ’yar shekara biyar, ta ruga ta rungume ƙafarsa, ya ture ta gefe. Bashira ta ajiye masa tuwo da miyar kuɓewa, ita kuma ta zauna da ɗan kwanon kwaɗon zogalenta. Ya dubi kwanon kamar an ajiye masa zagi.

“Kin san yau a majalisa har da mai yi mini tayin buhun masara? Wai ko gida ya yi wuya ne. Aka bushe da dariya. Ni, Mudathir!”

“Abban Khadija, ka ce musu ba ni da lafiya mana.”

“In ce musu ba ki da lafiya? Ai shi ke nan na tabbatar musu da ɗaya zancen. Ke ba kya tunani ne?” Ya ture kwanon tuwon. “Kuma daga yau na kashe zuwa filin nan na Pantami. Matar aure tana zagaye a filin ƙwallo, ’yan Keke Napep suna tsayawa kallo. Ba a gidana ba.”

“Tafiya ce kawai fa. Mata ne zalla.”

“Na ce na kashe.”

Shi Mudathir ba ya duka, ba ya ashar. Abin da ya fi ƙarfinsa a duniya shi ne bakin mutane, sai kuma Adda Fanta, wadda ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ta kuma tare a gidansa tun da mijinta ya mutu. In ta yi tari, shi ne mai kawo ruwa.

Bashira ta haƙura da filin. Sai ta koma zaga tsakar gida bayan sallar asuba, daga ƙofar zaure zuwa bakin rijiya, Adda tana leƙowa ta taga tana tsaki. Abinci kuwa kullum faɗa ne. In Bashira ta dafa ganye, Adda ta ce an mai da gidan ƙaninta garken awaki. In baƙi sun zo, sai ta kira ta ta tsayar a gabansu ta ce, “Ku taya ni gani. Wallahi buhun shinkafa yana nan a sito, ita ce ta ƙi ci.”

Ana nan, wata safiya sai Adda ta sauya kamar ba ita ba. Ta yi sallama a ƙofar ɗakin Bashira da kofi a hannu, fuska a sake.

“Ungo. Kunun acca ne, na ji an ce masu suga shi suke sha. Ban sa ko ƙwayar suga ba, tsamiya ce kawai. Tun da kin ce lafiyarki ce, ai sai mu taya ki.”

Bashira ta karɓa da hannu biyu. Wallahi sai da ta yi ƙwalla. Ta kurɓa ta ji ɗan ɗaci-ɗaci can ƙasa, ta ce a ranta tsamiyar ce ta yi yawa. Ta shanye tas ta yi godiya har da durƙusawa. A ofis ma sai da ta ba Selina labari, tana murna Allah ya karkato mata da zuciyar Adda. Kullum safiya ta Allah kunun nan yana zuwa, kuma Adda ba ta barin bakin ƙofa sai ta karɓi kofinta babu komai a ciki.

Yunwa ce ta fara. Wata irin yunwa mai rarake ciki, wadda ba ta jin lallashi. Bashira da ta saba wuni a kan ɗan wake da ganye, sai ga ta a bakin ƙofar kamfani tana sayen ƙosai tana ci a tsaye, tana jin kunyar kanta. Sai ƙishirwa ta biyo baya. Ta sha ruwa ta sha, maƙogwaro a bushe, fitsari kuwa ba ta gama dawowa daga banɗaki sai ta koma. Kumatunta suka cika suka yi sulɓi, wuya ya yi kauri, ciki ya turo, amma ƙafafu suna nan sirara kuma ba ƙarfi.

A gida kuwa sai murna. “Masha Allah!” in ji Adda, tana tafa hannu. “Yanzu kika zama matar gida. Mudathir, zo ka ga ikon Allah.” Shi kuma ya saya mata sabuwar atamfa, ya fara ɗaukar ta a mota zuwa gidajen abokansa, abin da ya daɗe bai yi ba. Matan da suka yi ta yi da ita a bayan ido su ne yanzu suke shafa mata kumatu suna cewa hutu ya karɓe ta.

Idon ne bai yi murna ba. Rubutun kwamfuta ya fara haɗewa, ta ƙara girman haruffa, ta kuma ƙarawa, har abokan aiki suka fara tsokanar ta wai allon makarantar firamare take rubutawa. Fitilun titi suka koma mata da zobe-zobe. Kanta yana sarawa ta bayan idon hagu kamar ana buga ƙusa.

Selina ta huda mata yatsa ta duba na’urar awo, ta sake hudawa ta sake dubawa. Ta tashi ta rufe ƙofa.

“Maman Khadija, ki gaya mini gaskiya, ba zan yi fushi ba. Wane magani kike sha bayan na asibiti?”

“Babu, Sista.”

“Na gargajiya fa? Ko na gyaran jiki da mata suke saya a kemis?”

“Haba Sista! Ni da na zo da ƙafata na ce miki idona nake so? Wallahi tallahi ban sha komai ba.”

“To wannan fuskar ba ƙiba ba ce, kumburi ne. Na sha ganin irinta. Ki je ki bincika abin da yake shiga cikinki, kuma ki koma wurin likitan ido a makon nan.”

Bashira ta fita ranta a ɓace, har tana ganin Selina ta zarge ta. Da ta nemi izinin zuwa asibiti, Mudathir ya ce ta bari sai ya samu sarari ya kai ta da kansa. Sararin bai samu ba. Ya ce ai ga ta nan ɓul-ɓul, wane ciwo kuma? Ya ce wannan nas ɗin so take ta mai da ita abin tausayi kamar da.

Wata asuba ciwon kai ya hana ta zaman lazimi, ta lallaɓa kicin neman ruwa. Tun daga ƙofa ta ji wani ɗan sauti, ƙaras, ƙaras. Adda ce a tsugune ta ba ta baya, tana murƙushe wani abu da bayan cokali a kan murfin kwano. Bashira ta matsa, ta sunkuya sosai don idon ba ya hango nesa. Ƙananan ƙwayoyi ne farare. Kofin kununta yana gefe yana tururi.

“Adda, mene ne wannan?”

Adda ta zabura, cokali ya faɗi. Amma nan da nan ta dake. “Mene ne kuwa? Ɗan maganin gyaran jiki ne.”

“Sha-ka-fashe? Adda, sha-ka-fashe kike zuba mini?” Muryar Bashira ta tsage har maƙwabta. “Ina da suga! Kin san ina da suga!”

Mudathir ya fito daga ɗaki da carbi a hannu. Ya dubi murfin kwanon, ya dubi yayarsa, abin da ya fito daga bakinsa shi ne, “Adda, ba na ce ki riƙa gamawa kafin ta fito ba?”

Bashira ta dafa bango. Ta daɗe tana kallon inuwar mutumin da take kwana take tashi da shi.

“Da saninka.”

“To, ki tsaya ki ji. Ba fa guba ba ce. Mai kemis ɗin da kansa ya ce mata da yawa suna sha.”

“Ka gaya masa ina da suga?”

Ya kau da kai, yana jan carbi.

“Ke, rufe mana baki!” in ji Adda. “Amare nawa aka ba wa kafin biki, wa ya mutu? Mu da muka rufa miki asiri? Kin san abin da ake faɗa a kanki a garin nan kafin mu tashi tsaye? Yanzu fa wa yake faɗa? Maimakon ki gode sai ki tara mana maƙwabta da sassafe. Butulu!”

“Idona yana mutuwa, Adda.”

“Ido kuma na Allah ne. Kwamfutar da kike ƙura wa ido wuni guda ba ki zarge ta ba sai kununa?”

Daga ranar Bashira ba ta ƙara cin abin da ba hannunta ya dafa ba. Abin da ba ta sani ba, irin wannan ƙwayar in jiki ya saba da ita ba a yanke ta farat ɗaya. Kwana kaɗan ta fara amai, jiri yana ɗibar ta. Ranar da ta yanke jiki ta faɗi a gaban teburinta, Selina ce ta sa aka ɗauke ta a motar kamfani zuwa asibiti.

Ta farfaɗo a ɗakin mata, gado a jere, ’yan dubiya cike. Ta ji muryar Adda tana ba matar gadon kusa labari: “Ai wahalar ofis ce. Sun hana ta cin abinci, sun sa ta gudu a filin ƙwallo.” Mudathir yana tsaye a ƙafar gado. Likita ya zo, dattijo mai furfura, ya haska mata idanu ɗaya bayan ɗaya, ya ja tsaki.

“Malama, jikinki ya nuna an daɗe ana shan maganin ƙiba. Ke kika saya?”

Mudathir ya yi gyaran murya. Bashira ta ji shi, ta kuma gane abin da gyaran muryar yake roƙo. Ta tuna kofin nan da take karɓa da hannu biyu tana durƙusawa.

“Ban saya ba, likita. Yayar mijina ce take zuba mini a kunu. Mijina ne yake sayowa. Ga su nan a tsaye.”

Salati ya tashi daga gado zuwa gado. Likita ya juya ya wanke su tas a gaban jama’a, bai rage musu komai ba. Ya ce idon hagu ya riga ya tafi, ba mai dawo da shi. Na dama kuma saura ɗan kaɗan, za a yi ƙoƙari a riƙe abin da ya rage. Adda ta ja mayafi ta rufe fuska ta fice tana kuka, kukan da har bakin titi ana ji.

Selina ta zauna a bakin gadon ta riƙe hannun Bashira. Ta ce wannan maganar ta hukuma ce, in ta yarda ita za ta tsaya mata shaida. Bashira ta ce ta ba ta lokaci ta ji ta bakin mahaifinta.

To, a nan ne abin zai ba ka haushi har ka rasa inda za ka sa kanka. Kafin a sallamo Bashira, labari ya riga ya juye a dangi. Ba wanda yake zancen ido. Zancen da ake yi shi ne matar Mudathir ta tona wa gidan aurenta asiri a gaban bare, ta sa an ci mutuncin dattijuwar da ta yi mata hidima. Wai Adda ta daina cin abinci don baƙin ciki, har ana zuwa yi mata sannu. Wasu suka ce ai tana shan kunun lafiyarta ƙalau, sai da ta daina ne ta faɗi, to laifin wa? Wasu suka ce niyya ake dubawa, kuma niyyar Adda alheri ce. Mutanen da ko yatsansu aka taka sai sun kai ƙara wurin mai unguwa, su ne suke cewa ido ɗaya ai ba abin raba zumunci ba ne.

Baffa Sule, ƙanin mahaifin su Mudathir, ya kira zama a falon gidan. Mahaifin Bashira, Malam Bakari, ya zo tun da wuri, ya shiga ɗakinta ya zauna a bakin katifa.

“Baba, sun kashe mini ido.”

“Na sani, ’yata. Allah ya ƙaddara.”

“Ba Allah ne ya daka ƙwayar ba, Baba.”

“Kul! Kada in ƙara ji.” Ya sassauta murya. “Sun ce abu biyu. Ki ba Fanta haƙuri a gaban manya, ki kuma ajiye aikin nan, tun da daga can fitinar ta taso. In kin ƙi, takardarki tana aljihun Mudathir. Kuma sun ce ƙafarki kaɗai za ta fita, Khadijatu tana nan wurin gwaggonta. Sun ce wadda ba ta gani ba ta riƙon yarinya. Ki yi tunani.”

Ba ta yi wani dogon tunani ba. Ta lalubi hijabinta ta saka.

Falon cike yake, amma ita ba ta ganin komai sai duhu-duhun mutane, ga hasken taga yana soka mata idon da ya rage. Baffa Sule ya yi doguwar nasiha a kan haƙuri da riƙon sirrin aure. Ya yabi Mudathir da bai yi saurin saki ba. Sannan ya ce, “To Bashira, bismillah.”

Ta tako tsakiyar falon ta durƙusa, ta fuskanci wata inuwa mai faɗi da ta ɗauka Adda ce, ta fara, “Adda, don girman Allah…”

Wata daga cikin matan ta ƙunshe dariya. Labulen ƙofa take ba haƙuri.

Mudathir ya taso ya kama kafaɗunta ya juya ta. “Ba nan take ba. Nan.”

“Adda, ki yi haƙuri. Na yi kuskure.”

Adda ta ja majina, ta bari sai da kowa ya matsu. “Ni ba na riƙo. Na yafe miki duniya da lahira.”

“Masha Allah!” in ji Baffa Sule. “Kun ji babba.” Aka ɗaga hannu aka yi addu’a aka shafa, mata suna ta sa wa Adda albarka. Maza suka miƙe suna neman takalma, an kira la’asar. Ba wanda ya tuna ya ɗaga Bashira daga inda take durƙushe.

Daga nan ƙasa ta ji ƙarar ’yan takalman Khadijatu ta shigo da gudu, ta ji Adda ta cafke ta tana yi mata wasa.

“Zo nan, uwata. Kai, ji hannu kamar tsinke! Mudathir, ka lura kuwa? Yarinyar nan ta fara ɗauko ramar uwarta. Bari dai in fara dama mata kunu da safe.”

“Khadija!” Bashira ta ƙwala kira. “Khadija, zo nan wurina!”

Ta miƙa hannu biyu wajen da ta ji muryar, tana rarrafe tana lalube a kan darduma. Hannunta ya ci karo da ƙafar kujera.